Otofailot na iya ƙwace ƙaramin jirgi daga hannun matuƙi?

Tambaya daga wani Alhaji a Aboabo, Kumasi: "Assalamu alaikum. Cikin watan Disamban nan da ya wuce na biyo wani abokin kasuwancina daga Accra zuwa Kumasi a ɗan ƙaramin jirginsa mai kujeru shida. Hazo ya rufe ko'ina, da ƙyar ake hango ƙasa. Mun yi kamar rabin awa a sama sai hancin jirgin ya fara ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka. Na ga direban ya kama sitiyari yana ja. Can sai wani abu ya yi ƙara, jirgin ya sunkuya da ƙarfi har hulata ta faɗi. Ya ja da hannu biyu, sannan ya saki hannu ɗaya yana murza wata 'yar taya kusa da gwiwarsa har abin ya daidaita. Da muka sauka ya ce otofailot ne ya yi gardama. Wata mai zuwa za mu Tamale a jirgin nan. Shin na'urar nan tana iya ƙwace jirgi daga hannun mutum? In hau ko in bi mota?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Barka da arziki, Allah ya ƙara kiyayewa. Wanda jirgi bai taɓa sunkuyawa da shi ba, ba zai san abin da cikinka ya ɗauka a wannan lokacin ba, don haka ban ɗauki tambayarka da wasa ba. In na fahimce ka, abu uku kake nema: me ya faru a saman nan, ko na'urar otofailot, wadda ke riƙe tuƙin jirgi a madadin mutum, tana fin ƙarfin mai tuƙi, da kuma ko za ka sake ba jirgin nan amanar ranka.

Sana'ata gyaran kayan lantarki da agogunan ƙananan jirage masu farfela ce a nan Accra, kuma nakan hau tare da matuƙi idan za a gwada jirgi bayan gyara. Ban ga jirgin abokinka ba, ban buɗe littafinsa ba, saboda haka abin da zan faɗa fassarar alamun da ka bayar ne, ba hukunci a kan jirgin ko matuƙinsa ba. Amma ka kawo labarin daki-daki, wannan ya riga wancan, kuma abin da mai gyara ya fi buƙata ke nan.

A ƙaramin jirgi, na'urar ita kanta ba ta da ƙarfin rinjayar hannun baligi. Da gangan aka ƙera ta da rauni. Sai dai an ba ta izinin taɓa wani abu guda da muke kira tirim, kuma idan wannan ya tafi inda bai kamata ba, iskar da ke dukan wutsiyar jirgi ce matuƙi zai yi kokawa da ita, ba na'ura ba. 'Yar tayar nan da ka ga yana murzawa ita ce tirim ɗin.

Abin da ke bayan allo

Na'urar ta daɗe. Tun 1914 wani matashi Ba'amurke, Lawrence Sperry, ya wuce a gaban taron jama'a kusa da birnin Paris, hannuwansa biyu a sama, makanikinsa na tsaye a kan fiffike, jirgin na tafiya miƙe. Har yau ginshiƙanta uku ne: mai ji, mai lissafi, mai ja.

Mai ji a tsofaffin jirage shi ne jairo, wani ɗan faifan ƙarfe da ke juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa. Muddin yana juyawa da gudu, yana nan daram ko jirgi ya karkata, daga nan na'ura ke gane karkatar. Tsayi kuwa daga matsin iska take gane shi, ta wata 'yar huda a gefen jikin jirgi wadda ba ta kai kan ashana ba. Mai lissafi akwati ne a allon da ke gaban matuƙi. Mai ja shi muke kira sarbo, ɗan injin lantarki da bai fi gwangwanin madara girma sosai ba, yana da siririyar igiyar ƙarfe da aka naɗe a jikinsa aka ɗaure ta a babbar igiyar da ke tafiya daga sitiyari zuwa fiffike ko wutsiya. A cikin mafi yawansu akwai kuloci da aka saita ya zame idan an ja shi da wani ƙayyadadden ƙarfi. Shi ya sa na ce maka ba ta fin ƙarfin mutum: ka ja, kulocin ya zame, sitiyari ya biyo hannunka. Wannan ƙarfin zamewar a rubuce yake a littafin gyara, da ma'auni muke auna shi, ba da ƙiyasi ba.

Na'urorin ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana da amfani ga mai neman cuta. Irin su KFC 150 da KFC 200 na Bendix/King suna karanta agogon da ke nuna karkatar jirgi, wanda a jirage da yawa wani famfon iska da ke manne da inji ne ke juya jaironsa. Irin su KAP 140 da S-TEC 55X suna karanta wani agogon daban mai aiki da lantarki, mai auna saurin juyawar jirgi. Na zamani, kamar GFC 500 da GFC 700 na Garmin, ba su dogara da faifai mai juyawa ba, ƙananan na'urorin ji ne na lantarki. Dukansu dai ba su da ido a kan hadari ko wani jirgin da ke tahowa, kuma a mafi yawan ƙananan jirage masu farfela ba sa taɓa totur. Ƙara wuta da rage ta yana hannun mutum.

Tirim

Ka taɓa tuƙa motar da ke jan gefe ɗaya, Alhaji? Daga Kumasi zuwa Techiman kana danne da sitiyari, kafin ka isa kafaɗa ta yi tsami. Jirgi ma haka yake ta wajen hanci, kuma nasa jan yana sauyawa duk lokacin da gudu ya sauya, ko mai ya ragu, ko fasinja ya koma kujerar baya. A wutsiya akwai faffaɗan marfi mai ɗagawa da sauka, shi sitiyari ke motsawa don hanci ya kalli sama ko ƙasa. A bakin wannan marfin ta baya akwai wani ɗan ƙaramin marfi. Idan matuƙi ya murza tayar nan, ɗan marfin ya lanƙwasa, iska ta dake shi, sai ita iskar ta riƙe masa babban marfin a inda yake so, ya huta. Ƙarami ne a ido, amma da ƙarfin iska yake aiki, kuma ƙarfin iska yana ninkuwa huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu.

Tunda sarbo mai rauni ne, shi ma yana buƙatar wannan hutun. Saboda haka a jirage da yawa an ba na'urar wani sarbon na musamman da ke murza tirim. Duk lokacin da ta ji nauyi ya daɗe a hannunta na 'yan daƙiƙu, sai ta murza tayar don nauyin ya sauka. Matsalar ita ce ba ta bambanta nauyin iska da nauyin hannun ɗan Adam. An ce ta riƙe tsayin ƙafa 6,000. Matuƙi ya ja sitiyari don ya taimaka mata, hanci ya ɗaga, ita kuma abin da ta gani shi ne jirgi na neman wuce tsayin da aka ba ta amana. Sai ta tura ƙasa. Ta ji nauyi, sai ta fara murza tirim zuwa ƙasa. Shi ya ji sitiyari ya ƙara nauyi, ya ƙara ja. Ita ta ƙara murzawa. Littattafan wasu na'urorin sun faɗa ƙarara cewa danne sitiyari fiye da daƙiƙa 3 na'ura na kunne zai sa tirim ya tafi kishiyar hannun matuƙi.

Ƙarar da ka ji, kusan na tabbata ta kashewa ce, domin duk lokacin da na'urar ta saki jirgi sai ta yi kuka don matuƙi ya sani. Amma kashe ta ba ya mayar da tirim. Yana nan inda ta bar shi. Mutum ya danna maɓalli, ya ɗauka rikici ya ƙare, ya ɗan sassauta hannu, sai hanci ya nufi ƙasa. Yana sauka gudu na ƙaruwa, gudu na ƙaruwa sitiyari na ƙara nauyi. Ga hularka a ƙasa, ga hannu biyu a sitiyari, ga murza taya. Labarinka ya zauna daidai a kan wannan.

Na ga irinsa da idona. Mun gama aiki a wani jirgi mai kujeru huɗu, muka tashi gwaji da la'asar can wajen Ada, ni a kujerar dama, wani matashin matuƙi a hagu. Muna ƙafa 3,500 na'ura na riƙe da tsayi, sai iska ta ɗan sauke mu. Yana cikin magana da hasumiyar filin jirgi a rediyo, ya sa yatsa biyu ya ɗan ja sitiyari, ko sanin ya yi bai yi ba. Ni kuwa idona na kan tayar da ke tsakanin kujerunmu. Ta fara mirginawa gaba a hankali, babu sauti ko kaɗan, ɗan farin alamar da ke gefenta na barin tsakiya yana gangarawa. Na taɓa masa kafaɗa na nuna. Ya danna jan maɓallin kashe na'ura, na ga jijiyoyin wuyan hannunsa sun tashi, murmushin da ke fuskarsa ya ɗauke. Abin bai kai daƙiƙa 10 ba, amma sai da ya cika hannu da tayar nan sau da yawa kafin sitiyari ya yi laushi. Matuƙi ne mai natsuwa, yana da awanni masu yawa a sama, kawai ba wanda ya taɓa nuna masa. Tun daga ranar ba na sallamar jirgi sai na zaunar da mai tuƙa shi a ƙasa, na kunna na'ura, na ce ja ka riƙe, ka kalli taya. Gani ya kori ji.

Akwai fassara ta biyu da ba zan jefar ba: tirim ya gudu da kansa, ba laifin hannun kowa. Maɓallin tirim na kan sitiyari kan maƙale, waya kan goge ta haɗu da 'yar'uwarta, ma'aunin nauyi na cikin sarbo kan lalace. A wannan halin sarbon wutsiya yana ta riƙewa yana ɓoye matsalar, har nauyi ya fi ƙarfinsa ya saki da kansa, ƙara ta tashi, hanci ya faɗi lokaci guda. Ko sababbin na'urori ba su tsira ba. A ƙarshen 2022 kamfanin Garmin ya sanar da cewa tirim ɗin GFC 500 yana iya gudu a lokacin da aka fara kunna na'urar, kuma a 2024 hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ta wajabta sabunta manhajarta. Na fi karkata ga fassara ta farko saboda ka ce rawar hanci ta riga, hannu ya biyo, sannan ƙara. Amma gwaji a ƙasa ne zai raba gardama.

Ko wacce ce, magani ɗaya ne, kuma a haddace ya kamata ya kasance ba a takarda ba. A riƙe sitiyari gam. A danna jan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsa a riƙe shi a danne, domin a na'urori da yawa riƙewar ce ke yanke wa tirim wuta, in an saki zai ci gaba da gudu. In hanci ƙasa yake nufa a rage totur don gudu ya ragu. A mayar da taya da hannu. A zare fis ɗin na'urar, sannan a saki maɓalli. Kuma kada a sake kunna ta a wannan tafiyar don a ga ko ta warke. Fis ɗin nan yana cikin jerin 'yan'uwansa fiye da ashirin masu kama ɗaya, shi ya sa nake sa masa zoben roba mai launi, don yatsa ya same shi ko cikin duhu.

Me ya fara sa hanci rawa?

Wannan ita ce ainihin cutar, kuma har yanzu tana cikin jirgin in ba a cire ta ba. Abin da na fi samu shi ne siririyar igiyar sarbo ta yi sako-sako. Sarbo ya juya, igiya ba ta kama nan take ba, na'ura ta ga shiru sai ta ƙara, igiyar ta kama gaba ɗaya, jirgi ya zarce, ta dawo da shi, ya sake zarcewa. Haka kuma in gawayin cikin ɗan injin ya cinye, ba ya motsi da ƙaramar wuta sai an banka masa da yawa, sai ya zabura. Su biyun duk rawa iri ɗaya suke haifarwa.

Sai layin iskar da ke auna tsayi. Ruwan sama na watan Yuni, ko yaron da ya wanke jirgi ya saita tiyo a kan 'yar hudar nan, ɗigo kaɗan ya shiga ya kwanta a lanƙwasar bututu. Jirgi na tashi ruwan na gaba yana baya, na'ura na ganin tsayi na tsalle, ita kuma tana bin tsallen da gaskiyarta. Na taɓa kwance irin wannan bututun na zazzage shi a tafin hannuna, ruwan bai cika cokalin shayi ba, kuma shi ya hana mai jirgin barci wata biyu. Ga kuma zanzaro. Jirgin da aka ajiye mako uku ba a rufe masa hudoji ba, zanzaro na ɗaukarsa bangon ɗaki ne, ya kawo laka ya gina a cikin bututun auna gudu. Kada ka ga kamar ƙaramin abu ne. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Jirgin ya yi kwanaki a ajiye, bututun auna gudu na ɓangaren kyaftin ya toshe, masu bincike sun fi zargin ginin irin wannan ƙwaron, kuma na'urar tuƙi da wannan ƙaryar gudun ta yi aiki.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutuwar jairo, domin ba ya mutuwa farat ɗaya. Famfon iskar da ke juya shi yana da siraran fuka-fukai na gawayi, yakan karye ba sallama. Ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iskar, in ta samu hanya ta shiga ta ci ƙwallayen da faifan ke juyawa a kai. Faifan sai ya riƙa rage gudu a hankali, cikin mintuna, yana kwantawa gefe kamar katantanwar da ƙarfinta ya ƙare. Agogo na nuna jirgi ya karkata alhali a miƙe yake, na'urar da ke karanta agogon sai ta "gyara", ta karkatar da jirgin da gaske. Da rana tsaka sararin sama fes, matuƙi zai leƙa waje ya gane. Cikin hazo irin wanda ka kwatanta, ba abin leƙawa. Akwai ɗan agogon da ke nuna ƙarfin famfon, yawanci allurarsa na zama wajen 5, kuma matuƙin kirki idonsa na komawa kansa a kai a kai.

Mu na bakin teku muna da ƙarin namu. Danshi da gishirin iskar Accra suna sa bakin wayoyi su yi kore. Irin wannan yana aiki lafiya a ƙasa, sai inji ya girgiza shi a sama ya yanke na ƙiftawar ido. In caja ta mutu batir ya fara sauka ma, na'ura kan rikice kafin ta mutu. Shi ya sa kalmar da na fi ƙi a bakin mai gyara ita ce "mun duba ba mu ga komai ba". Cutar da ke zuwa ta tafi ba warkewa ta yi ba.

Wani lokacin lafiyarta ƙalau

Gaskiya ita ce kaso mai yawa na jiragen da ake kawo mini da sunan na'ura ta lalace, sai in tarar ta yi daidai abin da aka ce ta yi, mutum ne bai san abin da ya ce mata ba. Ya ɗauka tana bin layin GPS, ita kuwa fiffike kawai aka ce ta daidaita. Ya ɗauka tana riƙe da tsayi, ita kuwa tun ɗazu ta saki. A Disamban 1972 jirgin kamfanin Eastern mai lamba 401 ya faɗa fadamar Everglades a jihar Florida ta Amurka, mutum 101 suka mutu. Ma'aikatan sun duƙufa kan wani ƙwan fitila na ƙafar jirgi da ya ƙi kamawa, an taɓa sitiyari ba da niyya ba, riƙon tsayi ya kwance, jirgin ya yi ta sauka a hankali cikin dare ba wanda ya lura. A kan allo akwai layin da ke rubuta halin da na'ura take ciki. Duk maɓallin da aka danna, sai a karanta wannan layin.

Wanda ya fi shafar ƙananan jirage a ƙasarmu shi ne hawa. A tashi daga Kumasi da azahar, rana ta take, kujeru shida a cike ga kaya, a ce wa na'ura ta hau ƙafa 700 a minti. Ana ƙara sama ƙarfin inji na raguwa, ita kuma ba ta da totur, abin da ke hannunta kawai ɗaga hanci. Ta ɗaga, gudu ya ragu, ta ƙara ɗagawa tana murza tirim sama, har fiffike ya gaza ɗaukar jirgi. Sababbin na'urori suna da kariya daga wannan, tsofaffi da yawa ba su da ita. Don irin haka ne littafin kowane jirgi ya ƙayyade tsayin da ba a amfani da na'ura ƙasa da shi, a jirage da yawa ƙafa 800 a tafiya, ƙafa 200 a wajen sauka, domin a samu sararin gyarawa in ta saki.

Kada kuma a ce gara babu ita

Ba na so ka fita daga wannan bayanin da ƙin na'urar, Alhaji, domin a hazo ita ce abokiyar matuƙi. Kunnen ɗan Adam, wanda ke gaya masa a miƙe yake ko a karkace, yana yaudararsa da zarar ido ya rasa inda sama ta haɗu da ƙasa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agoguna ba, aka rufe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaici cikin daƙiƙa 178. A watan Yulin 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku da dare cikin hazo a jirginsa Piper Saratoga mai kujeru shida, tare da matarsa da 'yar'uwarta. Ba a sami wata lalacewa a jirgin ba, yana da na'urar tuƙi, kuma binciken ya nuna ba a kunne take ba a lokacin faɗuwar. Tsakanin Accra da Kumasi kimanin kilomita 200 ne a sama, ana ratsawa kusa da tsaunukan Atewa da suka haura mita 800. Mutum ɗaya yana tuƙi, yana rediyo, yana duba taswira, ba ya ganin ƙasa, yana buƙatar mai riƙe masa. Sharaɗin shi ne ya iya tuƙin da hannunsa in ta saki, kuma ya san sakinta cikin daƙiƙa ɗaya.

Game da matuƙinku, abin da ka ba ni labari ya nuna ya san inda matsala take, ya je ga taya, ya dawo da ku lafiya. Wannan a yaba masa. In har ya fara da ja kafin kashewa, kuskure ne da awa ɗaya da malami ke gyarawa.

Batun Tamale

Ka samu abokinka cikin mutunci, ba da sigar tuhuma ba, shi ma ransa ne a ciki. Ka tambaye shi ko an rubuta abin da ya faru a littafin jirgin, da wane injiniya mai lasisin hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Ghana ya duba, da abin da ya samu. Amsar da za ta kwantar da hankali tana da suna: an ɗaure igiya kaza, an sauya sarbo, an zubar da ruwa a layi an gwada ba ya yoyo, sannan an tashi da jirgin an gwada ba fasinja a ciki. Matsalar sarrafa jirgi irin wannan ma abu ne da ya kamata a kai rahotonsa, muna da hukumar binciken haɗurran jirage da aka kafa a 2020, kuma rahoto ba tonon asiri ba ne. In an ce kayan gyara ba su iso ba, wanda yakan faru tunda daga waje ake odarsu da dala, to ƙa'ida ita ce a yanke wa na'urar wuta gaba ɗaya, a manna takarda a allo cewa ba ta aiki, a rubuta a littafi. A haka jirgin yana iya tashi lafiya da hannu, amma a rana mai haske.

Sai ka tambayi matuƙin ko yana da shaidar tuƙi da agoguna cikin gajimare, da yaushe ya yi shi na ƙarshe. Ranar tafiya kuma ka sa ido kafin a tashi. Ya kamata ka ga ya kunna na'urar a ƙasa, ya rinjaye ta da hannu, ya danna jan maɓalli ta yi ƙara, ya duba taya ya mayar da alamarta wurin tashi. Bai kai minti biyu ba. In ka zauna a kujerar gaba, ka janye gwiwa da hannun babbar riga daga sitiyari da tayar.

Ni dai, in aka ce mini an duba ba a ga komai ba, kuma hazo bai janye ba, ba zan hau ba, ba zan bar mahaifina ya hau ba. Arewa ta fi kudu ƙura a wannan lokacin, tafiyar ta fi tsawo, filayen da za a rakuɓe in abu ya faru kuma ba su da yawa. Hanyar Techiman da Kintampo ita ma ka san halinta, musamman da dare, don haka in za ka bi ta ka bi da rana. Akwai kuma jiragen haya da ke tashi daga Accra zuwa Tamale kullum, matuƙa biyu a gaba, tafiyar kamar awa ɗaya. In kuwa an gano cutar da sunanta, an gyara, an gwada, matuƙi ya zauna da malami, ka hau da bismillah.

In da hali, ka sa a ɗauko maka hoton allon gaban jirgin inda sunan na'urar ya fito, da hoton shafin littafin daga ranar da abin ya faru zuwa yau, ka aiko mini. Da na ga wace iri ce, zan gaya maka abin da ya kamata injiniyan ya fara aunawa.